Babban Yatsan Kaka

Rumaisa yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya. Tana aji shida a firamare. Gidansu yana Akurba, a gefen garin Lafiya.

A gidan nan kowa ya san Rumaisa ta iya karatu. Ko ba ka sani ba, ita za ta sanar da kai. In an kawo takardar wuta, ita ce mai karantawa. In an sayo magani, sai ta karɓe kwalin ta karanta da ƙarfi har maƙwabta su ji. Gaskiya tana da ƙoƙari. Matsalarta guda ɗaya ce. Ba ta iya cewa "ban gane ba". Kalmar nan nauyi take yi mata a baki.

Akwai kakarta a gidan, mahaifiyar babanta. Sunanta Rabi'a Kyari, amma duk unguwa Kaka ake ce mata. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra, irin yadda ta koya a wurin mahaifiyarta. In Sallah ta matso, mata ba sa yankewa a ƙofar ɗakinta.

Kaka tana karanta Alƙur'ani da kyau, amma boko ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Don haka duk inda za ta, da Rumaisa take tafiya. Suna tafe suna tsokanar juna. Kaka ta ce Rumaisa baki ya fi ta girma. Rumaisa ta ce Kaka tafiyarta sai ka ce ta agwagwa. Su yi dariya su wuce.

Kaka tana da wata 'yar lalita da take ratayawa a wuya, a cikin riga. A ciki akwai katin asibiti da takardar lambarta ta ɗan ƙasa, wadda ake kira NIN. Malam Ashemi, baban Rumaisa, shi ya kai aka lulluɓe takardar da roba. Tela ne, mutum mai sanyin hali, amma a kan takardar nan ba ya wasa. Ya sha gaya musu cewa ba a fito da ita sai a banki ko asibiti, kuma sai yana wurin.

Ranar da azumi ya kai sha tara, Kaka ta shirya sayayyar Sallah. Umma tana fama da jariri, Baba kuma ɗinki ya sha masa kai. Saboda haka Kaka da Rumaisa suka hau Keke Napep zuwa kasuwa.

Rana ta yi zafi, kasuwa ta cika maƙil. Suka sayi itacen turare da sukari da ƙananan kwalabe. Suka sayi atamfar Umma da takalmin Rumaisa. Suna fitowa, sai suka ga taron mata a bakin kasuwa.

Wata babbar koriyar lema ce aka kafa, da tebur a ƙarƙashinta. Samari uku ne a wurin, duk da riga iri ɗaya. Sun jera bokitan roba sababbi. A jikin lemar kuma sun rataye jakunkunan 'yan mata masu ƙyalli. Ɗaya yana riƙe da lasifika yana shela cewa kyautar Sallah ce ga iyaye mata, ba a biyan ko kwabo. Abin da ake so kawai, mace ta kawo takardar NIN a rubuta sunanta.

Idon Rumaisa ya sauka a kan wata jaka ruwan hoda. Daga nan ƙafarta ta ƙi gaba.

Kaka ta ja hannunta. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya ba baƙo bokiti haka kawai ba. Rumaisa ta marairaice. Ta ce ai ga mata nan suna karɓa, ba a cinye kowa ba. Ta yi ta magiya har Kaka ta gaji, suka shiga layi a bayan wata mata mai sayar da doya.

Da layi ya zo kansu, saurayin da ke kan tebur ya gaishe da Kaka har da rusunawa. Baƙin gilashi ne a idonsa, bakinsa kuwa kamar zuma. Ya miƙo wata takarda ya ce Kaka za ta dangwala hannu.

Kaka ta ce ba ta dangwala hannu a abin da ba ta sani ba. Ta miƙa wa Rumaisa.

"Ah, Mama, ashe da lauya kika zo," in ji saurayin. "Wannan da gani 'yar boko ce. Karanta mata, ƙanwata. Irinku ba a yi muku bayani."

Matan da ke layi suka juyo suna kallonta. Nan take kan Rumaisa ya fasu.

Ta duba takardar. Manyan haruffan sama ba su ba ta wahala ba, maganar kyautar Sallah ce. Amma a ƙasa akwai ƙananan rubutu cunkus, da dogon Turancin da ba a taɓa koya musu ba. Ta bi layi na farko, ba ta gane ba. Ta bi na biyu, shi ma haka. Kalma ɗaya kawai ta gane a ciki, ita ce sim, wato ɗan katin da ake sa wa waya.

Me ya haɗa sim da bokiti? Ta so ta tambaya. Amma ga mutane suna kallo, ga an kira ta lauya, ga jaka ruwan hoda tana lilo a saman kanta.

"Babu komai, Kaka," ta ce. "Na karanta. Sunanki kawai suke so."

Kaka ta yarda, don ba ta taɓa tunanin jikarta za ta ce ta karanta alhali ba ta gane ba. Ta zaro lalita ta ba da takardar NIN. Saurayin ya ɗauki hoton takardar da waya. Ya ce Kaka ta gyara mayafi, ya ɗauki hoton fuskarta. Sannan ya turo wata 'yar na'ura mai jan haske, ya ce ta ɗora babban yatsa.

Ta ɗora. Ya ce netiwok ya ɗauke, ta sake. Ta sake. Sai da ta ɗora yatsan nan sau huɗu, sannan ya ce ya yi. Aka ba Kaka bokiti, aka ba Rumaisa jaka.

A cikin Keke murnar Rumaisa ta fara raguwa. Ta tuna kashedin Baba. Ta matsa kusa da Kaka ta roƙe ta kada ta gaya masa sun fito da takardar. Kaka ta harare ta, ta ce dama ta san za a rina. Amma da ta ga idon yarinyar ya cika da hawaye, sai ta yi mata alkawari. Da suka isa gida Rumaisa ta jefa jakar a ƙasan akwatinta, ta ce sai ranar Sallah.

Kwana shida suka wuce lafiya. Rumaisa har ta manta.

Ranar ashirin da biyar ga azumi, ta dawo daga makaranta ke nan, Kaka tana shanya turare a tsakar gida, sai aka yi sallama. 'Yan sanda ne, maza biyu da mace ɗaya. Babbansu dogo ne mai furfura a gemu. Ya ce sunansa Insfekta Iorhemba. Hausarsa irin ta kasuwar Lafiya ce, mace da namiji duk "kai" ne.

"Mama, kai ne Rabi'a Kyari?"

Kaka ta ce ita ce.

Ya yi bayani a hankali, ba tare da tsawa ba. Kwana uku da suka wuce, masu garkuwa da mutane sun sace wani direba ɗan Agyaragu a kan hanya. Sun kira iyalinsa a waya suna yi musu barazana. Da aka bincika layin da suka kira da shi, sai aka ga sunan Rabi'a Kyari ne a kai. Lambarta ce, hotonta ne, yatsanta ne.

Kaka ta yi dariyar mamaki. Ta ce ita wayarta 'yar ƙarama ce mai tocila, ko kira ma jikoki ne suke danna mata. Insfekta ya juyo da fuskar wayarsa ya nuna mata hoto. Ga Kaka nan da mayafinta na kasuwa, wanda ta sa ranar sayayya.

Dariyar ta tsaya. Rumaisa ta leƙa hoton. Ta gane mayafin, ta kuma gane gefen koriyar lema a bayan kan Kaka.

Aka aika shago aka kira Baba. Ya zo da tef ɗin awo a wuyansa. Ya roƙa, ya rantse, ya ce a tafi da shi a madadinta. Insfekta ya ce ba zai yiwu ba, ran mutum ne a hannun ɓarayi, kuma sunan Kaka kaɗai 'yan sanda suke da shi.

Kaka ta ɗauki carbinta ta sa takalmi. Kafin ta fita ta dubi Rumaisa sau ɗaya. Rumaisa ta sunkuyar da kai.

"Ki kwashe turaren nan daga rana," in ji Kaka. Abin da ta faɗa ke nan.

A waje unguwa ta cika. Yara sun hau katanga, mata suna leƙe ta ƙofa. A gaban idon kowa aka sa tsohuwa mai shekara saba'in a bayan motar 'yan sanda, da azumi a bakinta.

Baba bai dawo ba sai dab da shan ruwa. Ya zauna a kan tabarma ya kasa taɓa kunu. Ya gaya wa Umma cewa saboda tsufanta ba a kulle Kaka a ɗakin masu laifi ba, an ajiye ta a kan benci a bayan kanta. An tambaye ta ko ta taɓa ba wani takardarta. An tambaye ta inda aka ɗauki hoton nan. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Shiru kawai take yi tana jan carbi.

"Shirun nan shi yake ƙara ɓata abin," in ji Baba. "Insfekta ya ce mai gaskiya ba ya ɓoye inda ya ɗauki hoto. Na rasa abin da Inna take ɓoyewa."

Rumaisa tana bakin ƙofa tana ji. Ita ta san abin da Kaka take ɓoyewa. Ta buɗe baki, ta dubi fuskar Baba, sai tsoro ya rufe mata shi. Ta gaya wa kanta cewa gobe za su gane kuskure ne su sake ta.

Gobe ta zo, ba a sake ta ba.

Magana kuwa ta riga ta zagaye Akurba. Matan da a da suke cika ƙofar Kaka, yanzu ko sallama babu mai yi. Wata ma ta aiko da kwalbar humrar da ta saya, ta ce ba ta son kayan gidan. A makaranta, da aka fita tara, wata yarinya ta ce kakar Rumaisa ce take dafa wa 'yan garkuwa abinci. Sauran suka janye daga kusa da ita. Rumaisa mai baki, ranar ko kalma ɗaya ba ta mayar ba.

Baba ya rufe shago a makon da ya fi kowane mako aiki. Masu ɗinki suka riƙa zuwa gida suna karɓe yadinsu. Da yamma ya dawo da labarin da ya fi na jiya muni. Insfekta ya ce in ba a sami bayani ba kafin jajibirin Sallah, za a tura Kaka babban ofis, daga can sai kotu. Kotu kuwa ba za ta zauna ba sai bayan hutu. Ke nan a tsare za ta yi Sallah. Ga ta da hawan jini, ga ƙafafunta sun fara kumbura saboda zaman benci.

A rana ta uku Baba ya ce Rumaisa ta riƙo kwanon abinci ta raka shi. Ba ta so zuwa ba, amma babu yadda za ta yi.

Ta tarar da Kaka a kan bencin. Cikin kwana uku ta ƙara tsufa. Idonta ya faɗa, ƙafafunta sun cika takalmi har ta cire shi. Babu ƙamshin turare a jikinta ko kaɗan. Rumaisa ba ta taɓa jin Kaka ba ta ƙamshi ba. Duk da haka da ta ga jikarta sai ta yi murmushi, ta tambaye ta ko ta kwashe turaren.

Suna nan sai wata mata ta shigo da goyo a bayanta. Sunanta Bilqis, matar direban da aka sace ce. Da aka nuna mata Kaka, sai ta zube a ƙasa a gabanta ta kama ƙafarta.

"Mama, don Allah ki ce su sako mini mijina," ta ce tana kuka. "Ba mu da komai. Yara uku gare mu. Ke ma kin haifa, Mama."

Hawaye ne kawai yake bin fuskar Kaka. Da matar ta ga ba a amsa mata ba, sai ta miƙe ta ce Allah ya isa tsakaninta da tsohuwar banza. A gaban Baba ta faɗa. Baba ya juya ya fuskanci bango.

Abin ya yi wa Rumaisa ciwo ƙwarai. Ta ji ta tsani kanta, ta tsani jakar nan da ko sau ɗaya ba ta rataya ba. Amma har suka koma gida ba ta yi magana ba. Tsoro mugun abu ne. Kullum laifin yana ƙara girma, faɗarsa tana ƙara wuya.

Washegari suna da jarrabawar Turanci. Malama Perpetua ce malamar ajinsu. Mace ce mai tsanani, amma babu abin da yake wuce idonta. Da ta zo karɓar takardu, ta ga ta Rumaisa fara tas, suna kawai ta rubuta. Ba ta yi faɗa ba. Ta bari yara suka fita, sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

Ta ce ta ji abin da ya sami kakarta. Ta ce ta daɗe tana koyarwa, ta san bambancin yaron da yake baƙin ciki da yaron da yake ɗauke da wani abu a ciki. Ta tambaye ta me take ɗauke da shi.

Rumaisa ta fashe da kuka. Ta faɗi komai: lema, jaka, hoto, yatsa sau huɗu, da alkawarin da ta sa Kaka ta yi, da wa'adin da Insfekta ya bayar.

"Takardar da aka ba ki, me aka rubuta a ciki?" in ji Malama.

Rumaisa ta share hawayenta.

"Ban gane ba, Malama. Ban gane ko layi ɗaya ba. Na ce wa Kaka na karanta."

"To," in ji Malama Perpetua. "Ɗauko jakarki ta makaranta. Yau saura kwana ɗaya jajibiri, ba mu da lokacin kuka."

Da kanta ta kai ta gida. Rumaisa ta durƙusa a gaban Baba ta maimaita labarin. Ta zaci zai dake ta. Da ma dukan ya yi, da ya fi mata sauƙi. Kallonta kawai ya yi, kallon da ba ta taɓa gani a idonsa ba.

"Kwana huɗu uwata tana kan benci," ya ce a hankali, "ke kuma kina gidan nan kina kallona."

Ya ce ta ɗauko jakar da bokitin su tafi.

Insfekta Iorhemba ya saurare ta har ƙarshe. Ya jujjuya jakar a hannunsa. Ya ce labarin yana kama da gaskiya, amma kowa zai iya koya wa yarinya labari don a saki kakarta. Sai ya ga wurin, sai ya ji daga bakin wani.

Suka tafi kasuwa. Babu lema, babu tebur. Wani mai sayar da mangwaro ne ya baje kayansa a wurin. Insfekta ya tambayi masu shaguna. Da suka ga kaki, kowa ya ce bai ga komai ba. Wani ya ce ranar ba ya gari. Wani ya ce shi idonsa a kan kayansa yake. Rumaisa ta faɗi gaskiya a makare, ga shi babu mai tsaya mata.

Sai ta tuna da matar da ke gabansu a layi. Ta ruga layin 'yan doya tana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Can ta hango ta. Mama Terseer ake ce mata. A gefenta ga sabon bokitin roba irin na Kaka, ta cika shi da ruwa.

Ita ma da farko ta ƙi. Ta ce ba ruwanta da maganar polis, ita doya ta zo sayarwa. Rumaisa ta durƙusa a gabanta a cikin ƙasar doya.

"Mama, kakata ce a bayanki ranar nan. Tsohuwa ce, tana azumi. Ni na ja mata. In ba ki yi magana ba, gobe za a tafi da ita."

Mama Terseer ta kama hannunta ta ɗaga ta, ta ce za ta faɗi abin da ta sani. Insfekta ya matso ya tambaye ta sau nawa ta ɗora yatsa. Ta ce sau uku, wai netiwok babu kyau. Ya karɓi cikakken sunanta da lambarta, ya kira ofis. Suka tsaya jira a rana. Bayan ɗan lokaci wayarsa ta yi ƙara.

"Madam," ya ce, "layi uku ne sababbi da sunanka. Kai ka saya?"

Matar ta ɗora hannu a ka. Ta ce ita layi ɗaya gare ta tun shekara goma. Nan ta ɗaga murya ta fara kiran 'yan uwanta 'yan kasuwa, da Hausa da Tibi da Turancin kasuwa. Ta ce duk wadda ta karɓi bokiti ta fito, an sayar da su ba su sani ba. Kafin la'asar mata goma sha tara sun taru a ofishin 'yan sanda. Kowace da bokitinta, kowace da layukan da ba ta san da su ba. A sunan Kaka an sami guda huɗu.

Ranar jajibiri da hantsi aka saki Kaka. Insfekta ya raka ta har bakin ƙofa ya ba ta haƙuri. Ba ta iya taka ƙasa sosai, sai da Baba ya tallafe ta. Daga nan suka wuce ofishin kamfanin waya aka rufe layukan nan duka.

Da suka isa gida, Baba ya zaunar da Rumaisa. Ya ce ta saurara da kyau, don ba zai so ya sake faɗa ba.

"Lambar mutum da hotonsa da yatsansa, su ne shi kansa. Wanda ya karɓe su zai iya aikata komai da sunanka, kai a kama ka. Ba a bayar da su don kyauta, komai kyanta. Ba a bayar da su a bakin hanya. In an ba ki takarda ba ki gane ba, ki ce ba ki gane ba, ki kawo wa babba. In kuma kin yi kuskure, ki faɗa a ranar."

Rumaisa ta ce ta ji, ta kuma roƙe shi gafara. Ya ɗora hannu a kanta ya ce ya yafe.

Daga baya abubuwa sun daidaita. Direban ya dawo gida bayan Sallah, a rame amma da ransa. An kama biyu daga cikin samarin a kasuwar wani gari, sun sake kafa lemarsu. Bilqis ma ta zo har Akurba ta nemi gafarar Kaka. Amma abin da Rumaisa ba ta taɓa mantawa ba shi ne safiyar Sallah.

Kowa ya yi ado ya tafi idi. Kaka ba ta je ba, ƙafa ta hana. Shekara da shekaru ba ta taɓa rasa idi ba sai bana. Rumaisa ta ce ita ma ba za ta ba. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafar Kaka a cinyarta tana shafa mata man zafi. Gida ya yi tsit.

"Kaka, me ya sa ba ki faɗa musu ba?" ta ce. "Da kin faɗa tun ranar farko, da ba ki kwana a can ba. Saboda alkawarin ne?"

Kaka ta girgiza kai.

"Ba alkawarin kaɗai ba. Da na ce an ba ni takarda, tambaya ta gaba ita ce wa ya karanta mini. Ni ban san doka ba. Na zaci ke za su ɗauka. Na dubi bencin nan, na ga in kin zauna a kai ƙafarki ma ba za ta kai ƙasa ba. Sai na ce gara ni."

Rumaisa ta kifa fuska a kan ƙafar ta yi kuka mai yawa. Kaka ta bar ta ta yi, tana shafa kanta.

"Ni ma na yi kuskure," in ji Kaka daga baya. "Shirun da na yi bai taimake ki ba, bai taimaki yarinyar nan mai goyo ba. Ɓarayi kaɗai ya taimaka. Daga yau ni da ke ba ma ɓoye wa babanki komai, ko da zai yi faɗa."

Suna cikin haka sai suka ji sallama a ƙofar gida. Ba murya ɗaya ba, muryoyi ne da yawa. Matan unguwa ne suka dawo daga idi, labari ya kai musu, sun zo yi wa Kaka barka da Sallah. Kwana biyar rabon da su yi sallama a ƙofar nan.

Kaka ta janye ƙafarta, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta miƙe zaune sosai.

"Share hawayenki," ta ce. "Je ki shigo da su."